Tsuntsun da Ya Zo ta Hagu

"Kar ki juyo. Kalli talabijin ɗin kawai... Yatsu nawa na ɗaga?"



Na ƙura wa talabijin ido kamar yadda ya ce. Jarumin gem ɗin ya riga ya faɗa ƙarƙashin gada, kiɗan mutuwarsa yana ta tsuwa a cikin shagon. Na san Injiniya yana tsaye a haguna. Ina jin turarensa haɗe da ƙaurin dalmar da yake liƙe wayoyi da ita, har numfashinsa ina ji. Amma hannunsa? Babu. Wajen ba duhu ba ne, ba kuma haske ba. Babu komai ne kawai.

"Uku," na ce, na ƙaƙalo dariya.



Na juyo a hankali. Ba yatsu ya ɗaga ba. Sukundireba ce a hannunsa, ja wur, ta kusa taɓa kunnena.

"Gwana..." Muryarsa ta sauka ƙasa. "Ba ki gan ta ba?"

"Hankalina yana kan wasa!"

"Wasan ya ƙare tun ɗazu. Sau tara ke nan yau kina mutuwa a wuri ɗaya. Duk tsuntsun da ya zo ta dama sai kin kakkaɓe shi. Wanda ya zo ta hagu ko motsi ba kya yi, sai ya buge ki."

"To yau ce ta farko da mutum ya gaji?"

"Sati uku ina lura da ke."

Na ajiye rimot ɗin a kan benci.

Shekara ɗaya da rabi ke nan da na fara shigowa shagon nan rungume da tsohuwar na'urar gem ta gidanmu. Marigayi Babanmu ne ya saya mana ina 'yar shekara bakwai, da kaset guda ɗaya tak. An yi wasan ne daga wani tsohon fim na wani maƙeri da hatsari ya ba shi ƙarfi, yana sa takalman maganaɗisu yana yawo a kan ƙarafunan gine-gine yana fatattakar miyagu. A gem ɗin gudu ne da tsalle da naushi, daga hagu zuwa dama, mataki shida, rai uku. In sun ƙare ka koma farko, ko kuka za ka yi. Duk gidanmu ni kaɗai na taɓa kai ƙarshensa, har Yaya ya yi kwana biyu ba ya yi mini magana.

Mai shagon kuwa mai gyaran rediyo da talabijin ne, ni na laƙaba masa Injiniya don tsokana. Ranar da ya tayar da na'urar ya ce in gwada ya gani. Na cinye wasan a gabansa, ina tsaye, jakata a kafaɗa. Ya riƙe baki ya ce, "Ke kam gwana ce!" Sunan ya bi ni. Daga nan duk Asabar da yamma sai na sami abin da ya lalace a gidanmu. Da abin lalacewa ya ƙare, shi ya zo ya gaida Umma.

Saura wata huɗu aurenmu.

"Mu je asibiti ranar Litinin," ya ce.

"Lafiyata ƙalau."

"Gwanata, don Allah..."

"Na ce maka lafiyata ƙalau! Ko so kake ka ja mini ciwo da bakinka?"

Na zare kaset ɗin, na tattara wayoyin na cusa a jaka. Wajen fita kafaɗata ta hagu ta daki ƙofar shagon, gau! Ban tsaya ba. Ban kuma waiwayo ba, don na san abin da zan gani a fuskarsa.

A hanya duk abin da nake ta turewa ya dawo mini. Ciwon kan da nake ɗora wa hayaniyar 'yan aji biyu da nake koyarwa. Kofin shayin da na ture sau biyu. Umma da take cewa, "Auta, wai ƙofar kicin ɗin nan me ta yi miki kike ta dukanta?"

Ranar Lahadi bayan azahar na kulle ɗakina na haɗa gem ɗin. Na wuce mataki na ɗaya, na biyu, na uku, kamar shan ruwa. Na huɗu gada ce da ba a gama ginawa ba, tsuntsayen ƙarfe suna shigowa ta gefe da gefe. Na tsaya a kan ƙarfe na bakwai, inda nake mutuwa, na buɗe ido iya buɗewa.

Jarumin ya yi ƙara ya faɗi. Ban ga abin da ya buge shi ba.

Na sake. Wannan karon na karkata kaina hagu kaɗan.

Ga shi nan! Tsuntsun ya shigo da fukafukansa masu walƙiya, na kai masa naushi ya tarwatse.

Na rungume rimot ɗin ina kuka ina dariya. Ai shi ke nan, na ce a raina. Juya kai ne kawai. Zan riƙa juya kaina, babu wanda zai sani.

Kwana biyu ƙaryar nan ta yi mini.

A makarantarmu ni ce mai tsallakar da yara titi in an tashi. Ranar Talata ƙarfe biyu na tara su a bakin ƙofa, su goma sha ɗaya. Na duba dama, na duba hagu, titi fayau. Muka taka. A tsakiya wani ya kira ni ta dama, "Malama, takalmina!" Na juya.

Ƙarar birki kawai na ji.

Sai ihun mata.

Da na waiga, motar kaya ce tsaye, hancinta bai fi taku biyu da ni ba. Ta fito ne daga lungun da ke hagu. Wata yarinya 'yar ajina, mai kitso biyu da jan ribom, tana hannun matar da ke sayar da lemo a bakin makaranta, ta finciko ta ta baya. Gorar ruwan yarinyar tana ƙarƙashin taya, ta fashe, ruwan yana bin kwalta.

"Malama, ke makauniya ce?" direban ya leƙo yana zage-zage. "Tun daga can nake miki hon!"

Gorar nake kallo. Na durƙushe a tsakiyar titi.

Ban san yadda na kai shagon ba. Yana ganina ya watsar da abin da ke hannunsa.

"Innalillahi! Me ya same ki?"

"Na kusa kashe 'yar mutane..." na ce. "Injiniya, ba na gani. Wallahi ba na gani. Ka kai ni."

Bai ce ai na gaya miki ba. Ya ja ƙofar shago ya sa kwaɗo.

A teburin karɓar kati na asibitin ido muka tarar da 'yar gwaggonsa. Na san ta. Tun suna yara dangi suke tsokanarsu da miji da mata, shi ya ɗauka wasa, ita ba ta ɗauka ba. Ta dube ni sama da ƙasa, ta yi murmushi har da fari da ido.

"A'a, amaryarmu! Lafiya dai? Kawo katin, ni zan kula da komai."

Aka zaunar da ni gaban wata na'ura kamar babban kwano, aka ɗora haɓata, aka ba ni madanni a hannu.

"Duk inda kika ga ɗigon haske ki danna," in ji wata ma'aikaciya.

Na ji sanyi a raina. Dannawa ai aikina ne. Haske ya ƙyalla, na danna. Ya sake, na danna. Sai shiru... Na'urar tana ta ƙara alamar tana fitar da haske, ni kuma ina zaune da yatsa a kan madanni, ban ga komai ba. Hawaye suka cika mini ido. Na danna da ka sau biyu.

"Kar ki yi canki, 'yar'uwa," matar ta ce a hankali. "Na'urar tana ganewa."

Takardar da ta fito da'ira biyu ce, kusan rabin kowacce baƙi ƙirin. Likitan, wani dattijo mai furfura a gira, ya daɗe yana kallonta.

"Idanunki lafiyarsu lau," ya ce. "Matsalar tana bayansu. Ina so a ɗauki hoton kanki."

Bayan kwana huɗu muka koma, har da Umma da Yaya. Likita ya manna hoton a jikin fitila ya nuna wani abu fari, kamar ƙwallon dabino.

"Ƙari ne, a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Alamu sun nuna ba mugun iri ba ne, amma yana danne jijiyar gani. In aka bar shi zai cinye sauran. Aiki za a yi, ta hanci za a bi."

"Zan warke?" na tambaya.

"Muna sa ran tsare abin da ya rage. Wanda ya tafi, wani yana dawowa, wani ba ya dawowa. Kuma aiki ne kusa da jijiya, ba zan ɓoye miki ba, akwai haɗari. Wurin kuma ya shafi al'amuran mata, sai mun bi a hankali mu ga batun haihuwa."

Umma ta fara salati. Ni kuwa ji na yi kamar an tsoma ni a randar ƙanƙara.

Muna fitowa Yaya ya sha gaban Injiniya a baranda.

"Kai ne!" Ya nuna shi da yatsa. "Duk Asabar ka zaunar da ita gaban tsohuwar talabijin tana ƙura ido! Yarinya da hankalinta ka mayar da ita 'yar gem, ga shi ka ƙone mata jijiya!"

"Yaya, likita bai ce haka ba..."

"Kar ka ƙara ce mini Yaya! Kar in sake ganin ƙafarka a gidanmu!"

Muna isa gida ya shiga ɗakina ya kwashe na'urar da kaset ɗin ya kulle a but ɗin motarsa. Ban hana shi ba. Ba ni da ƙarfin.

Washegari da safe wayata ta yi ƙara. Mama ce, mahaifiyar Injiniya. Na gaishe ta da ladabi, ta amsa a daƙile.

"An ce makancewa za ki yi."



"An ce kuma haihuwa ma sai wani ikon Allah. Gaskiya ne?"

"Mama, likita ya ce..."

"Ni dai ɗa ɗaya gare ni. Ina roƙonki, in da gaske kina sonsa, ki sake shi. Allah ya ba ki lafiya."

Ta kashe.

Ban tambayi wanda ya gaya mata ba. Mutum ɗaya ce takarduna suka bi ta hannunta. Da yamma kuwa sai ga 'yar gwaggon tasa da ledar lemo da ayaba, wai ta zo dubiya. Ta zauna a bakin gadona ta kama hannuna.

"Wallahi kin ba ni tausayi," ta ce. "Shi ma jiya a gaban Mama kuka ya yi ta yi. Ya ce shi ba zai iya furta miki ba, kunya yake ji, amma da za ki sauƙaƙa masa ki faɗa da kanki... Kin san shi da zurfin ciki. Kar ki ce ni na gaya miki."

Da a ce kwanakin baya ne da na yi mata dariya. Amma tsoro ya riga ya cinye mini wayo. Tana fita na ɗauki waya na rubuta:

"Na fasa. Kar ka neme ni. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Na kashe wayar na tura ƙarƙashin katifa.

Kwana tara suka rage a yi aikin. A cikinsu na koyi abubuwan da ban gaya wa kowa ba. Nakan rufe ido in ƙirga taku daga gado zuwa banɗaki, goma sha huɗu. Nakan zauna in ƙura wa Umma ido tana tsintar shinkafa, ina haddace fuskarta, tabon da ke haɓarta, yadda take cije leɓe in ta sami tsakuwa.

"Auta, wannan kallo fa?"

"Ba komai, Umma. Kin yi kyau ne."

Sai ta juya baya, kafaɗunta suna rawa.

Kullum da yamma ina jin muryar Injiniya a ƙofar gida, ina jin Yaya yana kora. Kullum sai ya dawo.

Ranar aiki, ƙarfe bakwai na safe, an sa mini koriyar riga mai igiya a baya, an ɗaura mini ruwa a hannu. Umma ta fita alwala. Ƙofa ta buɗe.

Shi ne. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Yaya yana bayansa, kansa a ƙasa.

"Na je wajen likita jiya," Yaya ya ce, bai kalle ni ba. "Na tambaye shi ko gem ne ya jawo. Ya ce ƙarin ya fi shekara uku yana girma. Ya ce da ba don wani ya lura da yadda kike wasa ba, da sai ya gama da ke za a sani." Ya share hanci. "Minti goma na ba ka."

Ya fita ya ja ƙofa.

Injiniya ya zagayo ta damana, inda zan gan shi sosai, ya durƙusa.

"Ni za ki rubuta wa kin fasa?"

"Ai kai ka ce in sauƙaƙa maka..."

"Ni? Na ce wa wa?"

"'Yar gwaggonka ta ce ka yi kuka gaban Mama..."

Ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Na yi kuka, wannan gaskiya ne. Na ce wa Mama in ba ke ba, to ta cire rai da ganin aurena. Abin da na faɗa ke nan." Ya buɗe ido. "Gwana, ni mai gyara ne. Ban taɓa ganin abu ya samu matsala na ce a jefar ba, balle ke... ke da kike rayuwata."

Kukan da na kwana tara ina dannewa ya ƙwace.

"Tsoro nake ji! In na farka ban ga komai ba fa? In ban farka ba fa?"

"Ni ma tsoron nake ji," ya ce. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Tun ranar nan ban ci abincin kirki ba."

Masu tura gado suka shigo. Na ƙanƙame ƙarfen gadon.

"A'a! Ku dakata! Don Allah ku ɗan dakata!"

"Gwana, kalle ni." Ya miƙe yana bin gefen gadon. "Kin san ban taɓa wuce mataki na biyar ba. Me ke gaba? Ba ki taɓa bari na gani da kyau ba, gudu kike yi."

"Yanzu? Kai wane irin mutum ne?"

"Yanzu. In an wuce injin nan mai haƙora, sai me?"

Gado ya fara tafiya. Fitilun rufi suna wucewa ɗaya bayan ɗaya.

"Sai... sai lif," na ce ina shessheƙa. "Lif ne mara bango. Yana hawa, duwatsu suna faɗowa."

"Ina ake tsayawa?"

"A tsakiya. Kowa gefe yake gudu, shi ya sa ake mutuwa."

"Ashe! Sai kuma me?"

"Sai saman hasumiya. Iska tana tura ka baya. Kar ka yi tsalle in tana kaɗawa, ka durƙusa takalman su kama ƙarfe, ka ƙirga uku..."

"Ɗaya, biyu, uku. Sai babban mugun?"

"Hannu huɗu gare shi. Kai da kake rufe ido in ka ga wuta, ina za ka iya!"

Ɗaya daga masu tura gadon ya yi dariya. Muka sha kwana. Na hango Umma da Yaya a jikin bango, na hango babbar ƙofa mai jan rubutu.

"Ta ina ake dukansa?"

"Ba a dukansa. Bari ake ya kawo hannu, ka kauce, ya daki tankin da ke bayanka. Sau uku."

"In ya faɗi fa? Me ake nunawa?"

"Nan ne iyakarka, malam," in ji ma'aikaciya.

Gadon ya tsaya daƙiƙa ɗaya. Na ga idanunsa sun kawo ruwa.

"Ba zan faɗa maka ba," na ce. "Sai na fito."

"Na yarda, rabin raina. Ina nan."

Ƙofa ta rufe. Aka ɗora mini wani abu a fuska, aka ce in ƙirga. Ban kai biyar ba.

Abin da ya faru a waje, Umma ce ta ba ni labari daga baya. Awa ɗaya da shigata sai ga Mama ta zo a fusace, za ta tafi da ɗanta gida. Ya ce mata ko ƙasa za ta tsage ba zai motsa ba. Ta tsaya tana huci, sai idonta ya faɗa kan Umma, zaune ita kaɗai a ƙarshen benci, carbi ya faɗi daga hannunta ba ta ma sani ba. Mama ta sunkuya ta ɗauko ta miƙa mata. Ta zauna don ta huta minti biyar.

Awa biyar suka yi tare a bencin nan.

Na farka da ɗaci a maƙogwaro, hancina cushe da auduga, kaina kamar an ɗora dutse. Na ji muryoyi. Na ƙi buɗe ido. Muddin ban buɗe ba, ban makance ba.

"Buɗe mana, 'yata," na ji likita. "A hankali."

"Ba zan iya ba..."

"Auta, buɗe," in ji Umma.

Na buɗe.

Fari. Hazo. Sai hazon ya fara tattaruwa, ya zama fanka tana juyawa, ya zama labule shuɗi, ya zama girar likita mai furfura.

"Ina gani!" Na fashe da kuka. "Umma, ina ganinki! Mayafinki a juye yake!"

Ɗakin ya kaure da hamdala. Yaya ya fita da gudu yana kiran Injiniya. Ni kuwa cikina ya juya, jinin da na haɗiye wajen aiki ya taso. Kafin in yi magana wani hannu ya tallafo goshina, wani ya tara mini roba. Na yi ta amai baƙi, hannun bai sake ni ba. Aka goge mini baki da gefen mayafi.

Na ɗago in ce wa Umma sannu.

Mama ce.

Na yi ƙoƙarin janyewa don kunya, ta riƙe ni.

"Kwanta," ta ce. Ta daɗe tana ninke mayafin kafin ta ci gaba. "Shekara tara na yi ina jinyar babansa. Ni na san abin da na gani. Da aka ce mini ciwo, ban tuna ke 'yar wani ba ce, ɗana kawai na hango a inda na tsaya. Na yi miki magana mara daɗi a ranar da kike buƙatar mai daɗi. Ki yafe mini."

"Mama, ba komai..."

"Da komai. Kuma wadda ta kawo mini zancen na san abin da zan gaya wa uwarta." Ta ja numfashi. "Ban ce miki na daina jin tsoro ba. Amma gara in ji shi a nan kusa da ku."

Injiniya ya shigo yana haki, ya tsaya turus ganin kaina a kafaɗar mahaifiyarsa. Sai ya juya ya kifa goshinsa a bango, kafaɗunsa suna girgiza.

"Kai, tafi can!" in ji Mama. "Ƙato da kai. Je ka samo mata ruwan ɗumi."

Ganina bai dawo duka ba. Wani yanki na hagu ya tafi ke nan, na koyi zama da shi. Na koma aji, amma na roƙi a ba wani tsallakar da yara. Ina shan ƙwaya kullum da safe. 'Yar gwaggonsa ta bar asibitin bayan an gano ta buɗe takardun da ba nata ba, har yau in mun haɗu a taron dangi sai ta sami abin dubawa a wayarta. Batun haihuwa likita ya ce mu ba shi lokaci, muna ba shi.

An ɗaga aurenmu wata uku, aka yi shi.

Duk wata shida ake sake ɗaukar hoton kaina a duba ko ƙarin ya motsa. Kwana uku kafin ranar ba na iya cin abinci, shi ma sai ya yi ta ɓata aikin mutane a shago. Karo na farko mun shirya mu tafi mu biyu, ba mu gaya wa kowa ba don kar a tayar da hankali. Muna buɗe ƙofa da sassafe muka tarar da Mama zaune a dakali, da jakarta da filas ɗin shayi.

"Mama! Wa ya gaya miki?"

"Na rubuta a kalanda tun ranar da aka sallame ki." Ta miƙe tana gyara mayafi. "Ummanki tana jiranmu a bakin titi. Ku wuce mu je, kar a riga mu layi."